Yadda Ake Auna Bayanin Kayan Aiki da Ake Rubuta wa Ɗan Aiken Kwamfuta

1. Abin da ake magana a kai

A cikin ƴan shekarun nan wani sabon irin rubutu ya bayyana wanda ya kamata masu nazarin harshe su sa masa ido. Rubutu ne gajere, sau da yawa bai wuce layi biyu ko uku ba, kuma ba domin mutum ake yin sa ba. Mai karanta shi na'ura ce, watau irin tsarin kwamfutar nan da aka horar da tarin rubuce-rubuce har ya iya mayar da amsa in an yi masa magana. Muddin aikin wannan tsari bai wuce hira ba, kuskurensa a baki yake tsayawa. Amma a shekarun baya-bayan nan an ba shi hannu, an haɗa shi da waɗansu manhajoji masu iya buɗe takarda, ko nemo labari a intanet, ko aika saƙo, ko biyan kuɗi. Tsarin da aka ba wannan dama shi za a kira ɗan aike a cikin wannan maƙala, domin aikinsa ke nan: a faɗa masa bukata, shi kuwa ya san inda za shi da abin da zai ɗauka. Manhajojin da yake aiki da su kuwa za a kira su kayan aiki.

Ɗan aike ba ya ganin cikin kayan aikinsa. Bai san yadda aka gina su ba, ba ya kuma iya jujjuya su a hannu kamar yadda maƙeri yake yi da sabon awartaki kafin ya kai shi bakin wuta. Abin da ake miƙa masa shi ne sunan kowane abin aiki, da ɗan bayani cikin harshen mutane a kan abin da yake yi, sa'an nan da jerin gurabun da za a cike in za a yi amfani da shi, kowane gurbi da irin abin da yake karɓa, ko lamba, ko kalma, ko kwanan wata. Kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da irin wannan tsari ga masu gina manhaja a watan Yuni na 2023. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya buga wata ƙa'ida ta bai ɗaya da ake kira MCP, wadda ta shimfiɗa yadda mai kayan aiki zai gabatar da su ga kowane ɗan aike, kuma a watan Maris na 2025 OpenAI ma ya ce ya karɓe ta. Daga nan kayan aiki suka yawaita ƙwarai, kowane da bayaninsa, kuma sau da yawa mai gina manhajar ne yake rubuta bayanin a gurguje, bayan ya gama abin da yake ɗauka shi ne ainihin aiki.

Tambayar da ta taso ita ce: ta yaya za a san wannan bayani ya yi abin da aka rubuta shi dominsa?

2. Dalilin da ya sa karantawa ba ta isa ba

Wanda ya taɓa aikin ƙamus zai ga kamar ya san wannan rubutu tun da. Suna shi ne kalmar da ake fassarawa, bayani shi ne ma'anarta, gurabu kuwa su ne abin da masu nahawu suke nunawa in sun ce wannan aikatau so-karɓau ne, wancan ƙi-karɓau. Matsalolin da suka sha gaban Bargery a ƙamusunsa na 1934, da Abraham a nasa na 1949, su ne dai a nan: misali nawa za a ba, yaya za a raba kalmomi biyu masu kusan ma'ana ɗaya, me za a ɗauka mai karatu ya riga ya sani. Sai dai akwai bambanci babba. Mai duba ƙamus, in ma'ana ta rikita shi, yana iya tambayar malami ko ya buɗe wani ƙamus, in ma ya yi kuskure, rashin fahimta ce kawai ta same shi. Ɗan aike kuwa yana karantawa yana aikatawa. In ya fahimci bayani a karkace, saƙo ya tafi wurin wanda bai kamata ba, ko takarda ta goge.

Saboda haka rubutun da ya fi kama da shi ba a ƙamus yake ba. Ya fi kama da takardar da ake liƙawa a jikin kwalbar maganin ƙwari, ko wadda take koya wa uwa yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Tun taron ministocin ilimi da aka yi a Tahran a 1965, inda aka ɗaga maganar karatun manya mai amfani ga sana'a, ma'aikatan yaƙi da jahilci suka san cewa irin wannan takarda ba a yanke mata hukunci a ofis. Ana miƙa ta ga sabon mai karatu tare da kwalba da ma'auni, a koma gefe a dubi abin da hannunsa zai yi. In ya zuba murfi uku alhali ɗaya ake nufi, takardar ta faɗi, ko da kuwa babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikinta. Haka nan bayanin kayan aiki. Abin da ɗan aike ya aikata bayan ya karanta shi, shi ne ma'auninsa.

Abin da ya sa marubucin kansa ba ya iya zama alƙali a nan shi ne, ya san abu da yawa. Duk abin da bayanin ya tsallake, yana cike shi daga kansa ba tare da ya lura ba. Akwai misali da kamfanin Anthropic ya ba da a wani rubutu na watan Disamba na 2024. Sun gina ɗan aike mai gyaran manhaja, suka ba shi abin aiki na buɗe takardun kwamfuta, wanda yake da gurbin adireshin takarda. A kwamfuta ana iya ba da adireshi iri biyu, ko cikakke tun daga tushe, ko kuwa kwatance daga inda mutum yake tsaye. Sai suka lura ɗan aiken yana kuskure da iri na biyu da zarar ya gusa daga inda ya fara. Wanda ya taɓa neman gida a birnin Damagaram da kwatancen «ƙofa ta uku hannun dama» ya san ciwon: kwatancen daidai ne daga bakin masallaci, amma daga wancan lungu ya zama ƙarya. Émile Benveniste ya daɗe da nuna cewa kalmomi irin su nan da can da yanzu ba su da ma'ana sai tare da mai faɗarsu da wurin da yake. Maganin da kamfanin ya yi shi ne ya sa gurbin ya daina karɓar komi sai cikakken adireshi, kuma sun ce daga nan kuskuren ya ɓace. Sun kuma ce a wannan aiki lokacin da suka ɓata wajen gyaran kayan aiki ya fi wanda suka ɓata wajen rubuta babban umurnin ɗan aiken.

Misali na biyu daga rubutunsu na watan Satumba na 2025 yake. Da suka ba ɗan aikensu abin neman labari a intanet, sai suka tarar yana ƙara lambar shekarar 2025 a ƙarshen abin da yake nema ba gaira ba dalili, wannan kuwa yana karkatar da sakamako. Da gyaran bayani aka raba shi da wannan hali. Babu mai karatun da zai dubi bayanin farko ya ce ga inda kuskure zai fito. Sai da aka sa shi aiki aka gani.

3. Bayani ba ya zama shi kaɗai

A cikin darussan Ferdinand de Saussure da almajiransa suka buga a 1916 akwai koyarwar nan cewa darajar kalma daga maƙwabtanta take fitowa. Faransanci yana da aikatau guda na karɓar abu da niyyar mayarwa, Hausa kuwa ta raba shi: aro na abin da za a mayar da shi shi kansa, kamar gatari ko keke, rance na abin da za a biya da irinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Ba za a iya fassara aro da kyau ba sai an faɗi inda ya tsaya rance ya tashi.

Wannan koyarwa ta dace da kayan aiki fiye da yadda masu gina su suke zato. Ba abin aiki guda ake miƙa wa ɗan aike ba, jeri ne, wani lokaci goma, wani lokaci fiye da hamsin, kuma aikinsa na farko zaɓe ne. A ƙaddara wata ma'aikata tana da kayan aiki biyu. Bayanin na farko ya ce yana nemo takarda, na biyu ya ce yana bincika takardu. A gaskiya na farko lambar takarda yake karɓa ya kawo ta sukutum, na biyu kuwa kalmomi yake karɓa ya kawo jerin takardun da suke ɗauke da su. In aka ɗauki kowane bayani daban aka karanta, gaskiya ne, gajere ne, babu abin zargi. In aka jera su, ɗan aike ba shi da abin da zai dogara a kai wajen zaɓe, sai ya riƙa cusa kalmomi a gurbin lamba, ko ya ƙirƙiro lambar da babu ita. Bayani mai kyau a nan shi ne wanda ya faɗi lokacin da ba za a ɗauki abin ba, ya kuma nuna maƙwabcin da za a ɗauka a maimakonsa.

Abin da wannan ya jawo wa mai awo shi ne, ba a gwada bayani sai a cikin jerin da zai zauna. Bayanin da ya ci jarrabawa a cikin kayan aiki biyar yana iya faɗuwa ranar da aka ƙara na shida mai kama da shi, ba tare da an taɓa masa ko wasali ba. Duk lokacin da jeri ya canja sai a sake awo.

Akwai kuma maganar tsawo. Paul Grice, a rubutunsa na 1975 a kan ƙa'idojin zance, ya sa cewa mai magana ya faɗi gwargwadon abin da ake bukata, kada ya gaza kada kuma ya zarce. Gazawa ita ce cutar da ta fi yawa, amma zarcewa ma tana da kuɗinta. Ɗan aike yana da allo guda mai iyaka wanda komi yake hawa kansa: bukatar mai aike, da bayanan kayan aiki duka, da amsoshin da suka dawo. Kowane layi da bayani ya ci, an rage wa aiki wuri, kuma ana biyan kuɗinsa a kowane aike. Don haka in bayani biyu suka yi kunnen doki wajen nasara, gajeren ya fi.

4. Hanyoyin awo

Jarrabawar da aka fara yi a wannan fage, ɗan aiken suke aunawa. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun fito da aikinsu mai suna Gorilla a watan Mayu na 2023, a farkon 2024 kuma suka buɗe allon gasa inda ake jera tsare-tsare bisa ƙwarewarsu wajen kiran kayan aiki. Dabararsu za ta yi wa mai nahawu daɗi: ana ɗaukar kiran da na'ura ta rubuta a warware shi kamar bishiyar li'irabi, a gwama shi da kiran da ya dace, reshe da reshe, a ga ko sunan daidai ne, ko kowane gurbi ya sami abin da ya kamata. Sun kuma sa tambayoyin da babu abin aikin da ya dace da su, inda amsar gaskiya ita ce kada a kira komi.

A watan Yuni na 2024 kamfanin Sierra ya fito da wata jarrabawa mai suna tau-bench wadda ta ƙara nisa. A cikinta wata na'ura tana kwaikwayon mai ciniki, ɗan aike kuwa yana matsayin ma'aikacin kanti ko na kamfanin jiragen sama, da kayan aikinsa da dokokin gidan. Ba a duba kalmomin da ya faɗa wajen yanke hukunci kamar yadda ake duba rajistar gidan bayan an gama: shin an soke tikitin da ya kamata, an mayar da kuɗin da ya kamata? Sakamakon da suka buga ya nuna tsarin GPT-4o, wanda yana cikin na gaba a lokacin, bai ci rabin ayyukan ba. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan maƙala shi ne awonsu na biyu. Sun maimaita kowane aiki sau da yawa, suka ƙidaya waɗanda aka ci a kowane karo, sai ga shi a fannin kanti waɗanda aka ci sau 8 a jere ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba. Lissafi ma ya isa ya nuna hatsarin. Ɗan aiken da yake dacewa sau 9 cikin 10, in kowane karo bai dogara da ɗan'uwansa ba, damarsa ta dacewa sau 8 a jere kashi 43 cikin ɗari ce kawai. Gwaji guda ba shaida ba ne a kan na'urar da ba ta maimaita kanta.

Waɗannan jarrabawa suna riƙe bayani a wuri ɗaya su canja na'ura. Mai son auna bayani sai ya juya sikelin, ya riƙe na'ura da ayyuka a wuri ɗaya ya canja bayani. Da farko zai tara ayyuka na gaskiya, irin waɗanda mutane suke kawowa da bakinsu, da ragowar magana da rashin tsari irin nasu, kowane aiki da abin da za a duba a ce an yi shi. Ayyukan da mai gina kayan ya ƙago a kan tebur ba su da amfani sosai, domin yakan rubuta su da kalmomin bayanin kansa, ɗan aike kuwa sai ya daidaita kalma da kalma ya wuce. Sa'an nan zai raba ayyukan gida biyu, ya yi gyara da kashi ɗaya, ya ɓoye ɗayan sai ranar hukunci. In bai yi haka ba zai zama kamar malamin da ya koyar da tambayoyin jarrabawa, ya ga ɗalibai sun ci, ya ce sun iya karatu.

Yawan nasara kaɗai ba ya nuna inda za a gyara. Sai an zauna an karanta tarihin aiken ɗaya bayan ɗaya, an ware kurakurai bisa irinsu, kamar yadda ake ware kurakuran ɗalibai a shifta. In ɗan aike ya ɗauki abin da bai dace ba, laifin yana wajen suna ko wajen iyaka tsakanin maƙwabta. In ya ɗauki wanda ya dace amma ya cike gurbi a karkace, bayanin gurbin ne ya gaza, kuma sau da yawa canja sunan gurbin ya isa: gurbin da aka kira «mai amfani» ana iya sa masa suna ko lamba, wanda aka kira «lambar mai amfani» kuwa ya rufe ƙofar shakka. In yana ta maimaita kira guda, mai yiwuwa amsar da abin aikin yake mayarwa ce ba ta fita. Wannan ya nuna cewa saƙon da abin aiki yake bayarwa in an yi kuskure shi ma wani yanki ne na bayani. Saƙon da ya ba da lamba kawai bai koya wa kowa komi ba, wanda ya ce a rubuta shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, ya sa ɗan aike ya gyara a karo na biyu.

Wasu sukan gajarta hanya, su miƙa bayanin ga wata na'ura su ce ta ba shi maki a kan bayyana da cika. Wannan yana da amfani a matsayin rariya ta farko, don tsame bayanan da ba su faɗi komi ba. Amma ra'ayin mai karatu ne ake samu, ba aikinsa ba. Haka kuma tambayar ɗan aike dalilin da ya sa ya yi abu, a ɗauki amsarsa da hattara. William Labov, a bincikensa na birnin New York da aka buga a 1966, ya nuna mutane sukan ce suna furta kalma yadda ake ganin ya fi daraja alhali faifai ya nuna ba haka suke furtawa ba. Abin da mai magana ya ce yana yi da abin da yake yi, shaidu biyu ne daban, kuma babu dalilin zaton na'ura ta fi mutum a wannan.

5. Bayani mai guba

Akwai wani awo da bai shafi ƙwarewa ba. A watan Afrilu na 2025 wani kamfanin tsaro na Zurich mai suna Invariant Labs ya nuna abin aiki wanda a fili ba abin da yake yi sai tara lamba biyu, amma a cikin bayaninsa an saka umurni ga ɗan aike ya karanta waɗansu takardun sirri na kwamfutar mai shi, ya tura su ta wani gurbi, kada kuma ya faɗa masa. Mai kwamfutar suna da taƙaitaccen bayani yake gani, ɗan aike kuwa yana ganin duka. Tushen matsalar na harshe ne: a kan allon na'ura babu katanga tsakanin jimlar da take siffantawa da jimlar da take umurni. Saboda haka mai awo sai ya tambayi wanda ya rubuta bayanin, ya karanta shi har ƙarshe da idonsa, ya kuma tabbata ba a canja shi bayan an amince da shi.

6. In aka yi aiken da Hausa

Kusan duk bayanan da aka ambata da Ingilishi aka rubuta su, da Ingilishi kuma aka gwada su. Mai aike kuwa da harshensa yake magana. Tun da dokar watan Maris na 2025 ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, batun ma'aikatu su karɓi bukatun mutane da Hausa ya wuce zancen masana, kuma in aka sa ɗan aike a tsakani, to shi ne tafinta tsakanin bakin Bahaushe da gurbin da aka siffanta da Ingilishi. Bayanin da ya ci jarrabawa da tambayoyin Ingilishi bai ci ta da Hausa ba tukuna.

Abu na farko ƙarami ne amma yana da haƙora. Ƙa'idar OpenAI da ta Anthropic sun iyakance sunan abin aiki ga haruffan boko na Ingilishi, da lambobi, da ɗan layi. Ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda taron Bamako na 1966 da ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 suka yi ɗawainiya a kansu, ba su da shiga. Wanda ya so ya sa wa abin aiki suna da Hausa, ƙara zai koma kara, ƙasa ta koma kasa. A cikin bayani da cikin gurabu ana iya rubuta su, amma mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa in suna rubutu a waya, don haka tambayoyin gwaji su zo iri biyu, masu lanƙwasa da marasa ita.

Abu na biyu yana cikin aikatau. A tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, ƙarshen aikatau na Hausa yana ɗauke da ma'anar da Ingilishi da Faransanci suke bayyanawa da kalmomi daban. Tsakanin aika da aiko wasali guda ne, amma shi yake nuna inda kuɗi za su nufa. Tsakanin saya da sayar harafi guda ne. Haka ari da ara wa. Jerin da yake da abin tura kuɗi da abin neman a turo kuɗi, ko abin saye da abin sayarwa, ya kamata a gwada shi da irin waɗannan tagwaye, jimla biyu da ba su bambanta ba sai a wasalin ƙarshe, kamar yadda mai nazarin sauti yake gwada kalmomi biyu masu bambancin sauti guda.

Lokaci ma haka. Gurbin kwanan wata lamba yake so, mai aike kuwa cewa zai yi jibi, ko gata, ko citta, kuma ɗan aike ba ya da yau sai an faɗa masa. Daren Juma'a a bakin Bahaushe shi ne daren da ya biyo yinin Alhamis, domin rana daga faɗuwar rana take farawa a wannan lissafi. Ɗan aiken da ya fassara shi kalma da kalma zai yanki tikitin mota da kuskuren kwana guda. Sunayen garuruwa kuma biyu-biyu suke: mai aike ya ce Damagaram ko Tawa ko Yamai, rajista kuwa Zinder da Tahoua da Niamey ta sani. Bayanin gurbin da bai lissafa sunayen da rajista take karɓa ba ya bar abin ga sa'a.

Mafi tsanani shi ne kuɗi. A Nijar da dala ake ƙidaya, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, kuma a kasuwar Maraɗi in mai tumatir ta ce ɗari ba ta bukatar ta ce dala. Jika sefa 1000 ce. A ƙetaren iyaka, a arewacin Nijeriya, jaka a tsohon lissafi fam 100 ce, wadda ta koma naira 200 da aka canja kuɗi a 1973. A rediyo kuma dala tana nufin kuɗin Amurka. To a ƙaddara abin aiki na tura kuɗi, bayanin gurbinsa bai ce komi ba sai «adadin kuɗi», mutum kuma ya ce a tura wa ƙanensa ɗari biyu. Ɗan aike yana iya rubuta 200, kiran ya wuce ba tare da wani saƙon kuskure ba, domin 200 lamba ce kamar kowace lamba, alhali sefa 1000 ake nufi. Jarrabawa irin ta bishiyar li'irabi za ta kama wannan in wanda ya shirya amsar ya san ƙidayar dala, in kuwa fassara tambayar aka yi daga Ingilishi da na'ura, kuskuren yana cikin amsar ma, sai a ba shi maki. Irin wannan kuskure yana ɓoyewa a wurin kowa sai wanda aka tura wa kuɗin.

Saboda haka tambayoyin gwaji na Hausa ba a samo su ta hanyar fassara. Sai an tattaro su daga bakin masu magana, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da karin harshensu da kalmomin Faransanci da suka shige shi, a kuma sa masu harshen su rubuta abin da kowace tambaya take nufi kafin na'ura ta gan ta. Wannan aiki ne da cibiyoyin nazarin harshe suka saba da shi tun zamanin tattara kalmomi da rakoda. Bayanin gurbin kuɗi da za a gwada kuwa ya faɗi cewa sefa yake karɓa, ya faɗi darajar dala da ta jika, ya ba da misali guda na mayarwa. A cikin tambayoyin a sa waɗansu da gangan inda ba a iya sanin ko dala ake nufi ko sefa. A waɗannan, ɗan aiken da ya tura 200 da wanda ya tura 1000 duk ba su da maki. Maki na wanda ya tsaya ya tambayi mai aike ne kafin ya taɓa kuɗin.